Watan Da Malam Gide Ya Gani

Tudun Marke, Sabuwa
Lahadi, 12 ga Maris, 2006

Zuwa ga taubashina Malam Mas'udu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hamida da yara. Yaya ƙafar Gwaggo? In ka leƙa Ketare ka ce mata yayanta yana gaishe ta, kuma har yau yana jiran daddawar da ta yi mashi alkawari tun kaka.

Mu nan lafiya lau, in ban da kaji. Tun da aka fara maganar murar tsuntsaye, kajina tara suka koma biyu, su ma biyun tsaye suke barci.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da rediyo ke yi, wai ranar Laraba 29 ga Maris, rana za ta yi husufi, gari ya yi duhu da hantsi. Matan unguwarmu sun zauna sun lissafa, sun gano Larabar ita ce ta ƙarshen Safar, ga ta kuma tana zuwa daidai bayan ƙidayar jama'a. Iya Hussaina ta ce mani a bakin rijiya, "Ku ƙirga bayin Allah kamar buhunnan dawa, sannan ku ce rana ba ta ɓacewa?" Na yi dariya a gabanta, amma ban dawo gida da dariyar ba.

Ni ba duhun ke damuna ba, Baba ne. Shekara talatin da huɗu ke nan shi ke duba wa garin nan wata. Duk ashirin da tara ga wata ya hau dutsen bayan masallaci, jama'a a bayanshi, in ya ce ya gani Liman ba ya neman shaida ta biyu, kuma ba a taɓa zuwa daga baya aka ce ba haka ba ne. Shekararshi sittin da takwas, amma ni ke kai mashi allura ya zura mani zare. To ya ji an ce wata ne zai shiga gaban rana. Tun ranar bai da wata magana. Jiya ya ce mani, "Safara'u, ashe kau can yake ɓuya? Tun ina saurayi nake son in san inda watan ga ke tahiya in ya ɓace. In zai hito da rana tsaka, wallahi sai na gan shi."

Na ce rediyo ta ce duk wanda ya kalla zai makance. Ya ce rediyo ba ta taɓa ganin wata ba.

Ba ya jin maganata, ba ya jin ta maigidana Salihu. Kai kaɗai yake saurare, wai don kai ke koyar da ilmin sama a makarantar gwamnati, ko da yake ni na san yaron da ya taɓa nuna jirgin sama ya ce tauraro ne. Ka rubuto mani gaskiya: ana kallo ko ba a kallo? Mutumin nan ba shi da gona mai girma, ba shi da shanu. Idon nan shi ne abin da ya mallaka, shi ne kuma girmanshi a garin nan.

Ka ba Badamasi direba amsar, yana biyowa ta nan Talata da Juma'a.

Uwar ɗakinka ko ka ƙi ko ka so,
Safara'u Gide

Kankara
Alhamis, 16 ga Maris, 2006

Zuwa ga Safara'u,

Wa alaikumus salam. Mun ga takarda, kowa lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi. Ta ce a gaya wa Kawu daddawa sai ya zo da kanshi. Allah ya mayar maki da alherin kajinki, ko da yake na san rabinsu a tukunyarki suka yi mura.

Ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar da na Iya Hussaina. Ƙidaya ba ta kai sama ba. Masana sun san da husufin nan tun kafin a haife mu. Ki kunna fitila, ki sa faifai tsakaninta da fuskarki: fitilar ita ce rana, faifan wata, inuwar da ta faɗo maki ita ce duhun. Kawu ya yi gaskiya. In wata ya ɓace a ƙarshen wata, kusa da rana yake tafiya, haskenta ke ɓoye shi. Yawanci yakan bi ta samanta ko ta ƙasanta. Wannan karon zai bi ta gabanta daidai, inuwar kuma ta faɗo a kan jiharmu. Wasu sukan tsufa su mutu ba su ga irinshi ba.

Yanzu ga maganar ido, ki karanta mashi a hankali. Daga lokacin da wata ya fara cin gefen rana, wajen ƙarfe tara da kwata, haramun ne ga ido. Ba a kallo kai tsaye, ba a kallo cikin ƙwaryar ruwa kamar yadda tsofaffi ke yi, ba a kallo ta kwalbar da aka shafa wa baƙin fitila. In kuna son gani, ku duba ƙasa ƙarƙashin bedin ƙofar gidanku. Hasken da ke ratsowa ta ganye zai zana maku siffar rana a kan ƙasa.

Amma akwai wani ɗan lokaci, wajen goma da rabi, da wata zai rufe rana ruf. Minti biyu ne ko uku. A cikin wannan lokacin babu komai, yana iya kallo da idonshi, ya more. Littafi ya ce za a ga baƙin faifai da farin haske kewaye da shi. Wannan baƙin faifan shi ne watanshi.

Alamar da za ku gane an kai wurin mai sauƙi ce: tauraro zai fito. Ya lulluɓe fuska da rawani ya jira. Da zarar an ga tauraro a sama, ya buɗe. Da gefen rana ya sake leƙowa, ya sunkuyar da kai.

Kada ki hana shi, Safara'u. Mutumin da ya ba wata shekara talatin da huɗu ya cancanci minti biyu. Ki ce mashi ni na ce, kuma na ɗauki nauyi.

Shi yaron da kika ambata, jirgin yana da fitila, ke ma sai da kika tsaya kika duba.

Naki,
Mas'udu

Kankara
Litinin, 20 ga Maris, 2006

Safara'u,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa, mota na shirin tashi.

Na yi kuskure a takardata ta farko, kuskure babba. Yau abokin aikina Malam Sanusi ya dawo daga Katsina da jarida mai taswirar husufin. Ashe inuwar ba za ta rufe jihar duka ba. Siririya ce, faɗinta bai kai kilomita ɗari biyu ba. Za ta taso ta wajen Gusau, ta bi ta Faskari da Kankara, ta wuce Katsina ta shiga Nijar. Na ɗora rula a kan taswirar sau uku. Ku kuna waje, kudu da bakin inuwar. Da kaɗan ne, amma kuna waje.

A wurinku rana ba za ta rufe ba. Za ta ragu har ta zama kamar yankan farce, ta tsaya nan, sannan ta koma buɗewa. Wannan ɗan siririn shi ya fi ɓarna, don ba ya sa ido ƙiftawa, ba ya sa zafi, mutum yana kallo yana ƙonewa bai sani ba.

Ki manta da maganar tauraro. Malam Sanusi ya ce gamzaki yana iya bayyana tun rana ba ta gama rufewa ba, balle ga mai kaifin ido. Kin kuwa san idon da muke magana a kai.

Ki sa Salihu ya kawo Kawu Ruwan Godiya wajen Yaya Hajaratu kafin Laraba. Can cikin inuwar yake, zai ga abin da yake so lafiya. In ba ta yiwu ba, ko kulle shi za ki yi a ɗaki, ki kulle, ni zan ba shi haƙuri daga baya.

Gobe ake fara ƙidaya, an ce motoci za su yi wuya. Na damƙa wa Badamasi hannu da hannu, ya rantse mani zai kawo.

Mas'udu

Ketare
Laraba, 29 ga Maris, 2006

Zuwa ga Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa Ruwan Godiya lafiya, kuma Yaya Hajaratu ba ta cika Kawu da surutu ba. Ban ji daga gare ki ba, amma na san aikin ƙidaya ne ya tsayar da motoci. Wannan zan bar ta a tasha wajen ɗan kamasho, ta jira ku a gida.

Na zo Ketare don in kasance kusa da Inna. Wajen goma hasken ya fara sauyawa, ya yi fari fat kamar toka, ga rana a sama amma ba zafi. Iska mai sanyi ta taso. Shanun da aka kora kiwo suka juyo da kansu suka nufo gida, ba mai kora. Maza suka cika masallaci ana sallar husufi, can cikin unguwa wasu na dukan gwangwani. Ni ina tsakar gida da gilashin masu walda a ido.

Sai na ga duhu ya taso daga yamma maso kudu, ba kamar yadda dare ke zuwa ba, a guje ya zo. Ɗan hasken da ya rage ya dunƙule wuri ɗaya, ya ƙyalla, ya mutu. Masu gwangwani suka yi tsit. Na sauke gilashin.

Safara'u, littafi bai faɗi komai ba. Baƙi ne wuluk, zagayayye, kamar an huda sama, ga wani farin haske mai laushi ya bazu kewaye da shi, wani wajen dogo wani wajen gajere, da ɗan ja-ja a bakinshi. Gefen duniya kuwa, gabas da yamma da kudu da arewa, duk ya yi launin magariba lokaci ɗaya. Gamzaki na tsaye a sama. Inna da ta rantse ba za ta fito ba, na waiga na gan ta a bakin ƙofa tana salati, hawaye na zuba. Ni da nake koyar da abin nan shekara tara, tsoro ya kama ni, na ji ni ba kowa ba ne. Agogona ya ce minti biyu da 'yan daƙiƙu. Ni dai na ga kamar numfashi uku ne.

Duk cikin lokacin Kawu nake tunani, ina cewa yanzu haka yana tsaye a tsakar gidan Yaya yana kallon abin da nake kallo. Ki tambayar mani shi, ya ga inda mutumin nashi ke ɓuya?

Naki,
Mas'udu

Tudun Marke, Sabuwa
Alhamis, 30 ga Maris, 2006

Zuwa ga Malam Mas'udu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun ga jiya lafiya, kai da iyali da Gwaggo. Mu ma mun gani, ba wanda ya mutu, Iya Hussaina ma ta fito daga ƙarƙashin gado.

Amma malam, lissafinka ya sha ruwa. Ina duhun da ka yi mana alkawari? Tun da takardarka ta 16 ga wata ta zo, sau uku Baba ya sa na karanta mashi, har ya haddace. Mun yi yadda ka ce. Muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bedi, ya ja rawani ya rufe fuska, ya bar 'yar kafa yana duban ƙasa. Da siffar rana ta fara fitowa a ƙasa, ɗaruruwa, kowace kamar jinjirin wata, dariya ya yi ta yi kamar yaro. Ya ce, "Ke duba! Ni da ke wahalar neman guda, yau ga su ana takawa."

Gari ya dushe, sanyi ya sauko, kajina biyu suka shige akurki. Sai ya tashi ya fita daga inuwar itacen, ya sa tafin hannu ya kare rana, yana duban sama ta gefe. Can ya ce, "Ga gamzaki." Na duba inda ya nuna, ban ga komai ba. Na ce Baba ni ban gani ba. Ya ce, "Yaushe kika taɓa riga ni gani?" Gaskiya ne kuwa, don an ɗan jima ni ma na hango shi. Tunda ka ce tauraro ne alama, ban hana shi ba. Ya sauke hannu.

Ni na ɗaga kai sau ɗaya na sunkuyar, don jikina bai ba ni ba. Shi kuwa ya tsaya ƙyam. Yana cewa, "Saura kaɗan. Saura kaɗan shi rufe. Ban taɓa ganin jinjiri siriri kamar wanga ba." Ya daɗe, Mas'udu. Ban san ko minti nawa ba ne, amma na karanta Ƙulhuwallahu ta fi sau goma. Ba ta rufe ba. Daga baya gari ya fara washewa, ya sauke kai, ya ce, "Ya ƙi." Ranshi ya ɓaci, ko furar rana bai sha ba.

Na tambaye shi ido, ya ce lafiya lau, ba zafi ba ƙaiƙayi. Na gode wa Allah.

Ga ma abin da zai nuna maka idon na nan. Jiya ashirin da tara ga Safar, da magariba ya hau dutse kamar kullum. Ko minti ɗaya bai yi ba ya ɗaga hannu ya ce, "Ga shi can." Mutum ya fi arba'in a bayanshi, ba wanda ya gani, amma wannan ba sabon abu ba ne. Liman ya yi kabbara, aka sanar yau ɗaya ga Rabi'ul Awwal. Mutanen ƙauyukan kusa sun ce su ba su gani ba, sai gobe.

Abu ɗaya ne ya tsaya mani a rai. Da muna saukowa ya ce mani a hankali, "Ɗiyata, watan ga baƙi-baƙi ne, kuma ƙahonninshi ba inda suka saba duba suke duba ba." Ko husufin ne ya taɓa shi? Kai ne malami, ka faɗa mani.

Ga Badamasi nan ya iso yanzu, bayan kwana tara ba mu gan shi ba. Ya ce ma'aikatan ƙidaya suka ɗauki shatar motarshi a ƙauyukan Faskari, daga nan ta lalace. Ya miƙo mani takardunka har biyu, ɗaya duk ta yi baƙin mai. Yana sauri, sai ya tafi zan buɗe.

Taka,
Safara'u

Kankara
Asabar, 1 ga Afrilu, 2006

Safara'u,

Salamu alaikum. Na karɓi takardarki a tasha, a tsaye na karanta. Yanzu kin buɗe nawa biyun, kin san abin da ya faru. Badamasi ya ce mantawa ya yi da ita a aljihun mota. Ban ɗora mashi laifi ba, don ba shi ya rubuta ta farkon ba.

Ki saurare ni, ko da za ki tsane ni. Ba a ga wata ranar Laraba ba. Ba zai yiwu ba. Watan da ya bi ta gaban rana da hantsi, da magariba yana nan manne da ita, tare suke faɗuwa. Babu idon da Allah ya halitta da zai gan shi a wannan yammacin. Ban ce Kawu ya yi ƙarya ba, har abada. Ya ga wani abu. Tsorona shi ne abin da ya gani ba a sama yake ba.

Ki gwada shi ba tare da kin tayar mashi da hankali ba. Ki sa ya rufe ido ɗaya ya dubi farin bango, sannan ya sauya. Ki tambaye shi ko akwai wani abu a tsakiya. In ya ce akwai, Salihu ya kai shi asibitin ido a Kaduna, kada a tsaya tofi ko kwalli.

Ina roƙon Allah ya sa ki rubuto ki zage ni, ki ce malamin banza ya sake kuskure.

Mas'udu

Tudun Marke, Sabuwa
Asabar, 8 ga Afrilu, 2006

Mas'udu,

Wa alaikumus salam. Muna nan. Ka gai da Gwaggo, amma kada ka gaya mata komai tukuna.

Da na karanta takardarka na yi niyyar in zage ka kamar yadda ka roƙa. Kwana biyu ina yawo da ita a bakin zane, ina cewa wane ne Mas'udu da zai zauna a Kankara ya ƙaryata idon ubana. Ranar Laraba da hantsi na kai mashi allura da zare. Ya karɓa, ya ɗaga, ya karkata kai, ya sake karkatawa. Sau huɗu zaren na wucewa ta gefe. Sai ya ajiye a kan tabarma ya ce, "Wa ya ce ki gwada ni?"

Ban kai ga maganar bango ba. Shi ya faɗa da bakinshi. Ya ce ranar da ya hau dutse, har ga Allah ya ɗauka wata ne. Washegari da azahar ya duƙa zai yi alwala, sai ga shi cikin ruwa. Ya ɗaga kai, ga shi a jikin bango. Ya dube ni, ga shi a fuskata, daidai inda hancina yake. Ya ce, "Ko na rufe ido shina nan. Kwana bakwai ke nan, bai ƙaru ba, bai faɗi ba." Ya yi shiru ne yana jiran ya gushe.

Na ce mu bar maganar tsakaninmu, kwana ɗaya ne a watan da ba na azumi ba, wa zai sani? Ya dube ni ta gefen ido, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Jiya bayan sallar Juma'a ya miƙe a gaban jama'a. Salihu ya ba ni labari. Ya ce, "Jama'a, shaidar da na ba ku ranar Larabar husufi na janye ta. Ban ga wata ba, ciwo na gani. Ku gyara lissahinku, ku yafe mani." Liman ya ce Allah ya ba da lafiya. Sai wani daga sahun baya, wanda Baba ya yi wa huɗuba ranar da aka haife shi, ya ce, "To azumin bara fa? Da na bara waccan?" Ba wanda ya amsa mashi, ba kuma wanda ya tsawata mashi. Wannan shirun ne ya dawo da Baba gida kamar an ɗora mashi kaya.

Litinin za su tafi Kaduna.

Zan faɗa maka gaskiya, ina jin haushinka, haushi mai yawa. Ka ce ka ɗauki nauyi, to ga shi nan, zo ka ɗauka in gani. Amma in na kwanta sai in tuna ni ce na karanta mashi sau uku, ni ce kuma ke tsaye kusa da shi ina karatu, hannuna biyu ba abin da suke riƙe da shi.

Takardarka ta Ketare ban karanta mashi ba, ba kuma zan karanta ba. Na sa ta ƙarƙashin adaka.

Safara'u

Tudun Marke, Sabuwa
Asabar, 29 ga Afrilu, 2006

Daga Malam Gide zuwa ga ɗana Mas'udu. Ni ke faɗa, Safara'u ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mani magana.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da iyalinka, ina gai da ƙanwata. Sati ukku ba takardarka. An ce mani ka rame, ka daina zama cikin mutane. Wanga ba daidai ba ne.

Mun je Kaduna. Likita ya leƙa da fitila ya ce rana ta yi mani tambari a can cikin ido, na dama ya fi. Ya ce wani yakan dushe cikin watanni, wani ba ya dushewa, ba ya da maganin da zai ba ni sai haƙuri. Ina ganin hanya, ina zuwa masallaci da ƙafata. Abin da na duba kai tsaye ne kawai ba ni gani.

Na san akwai takardar da aka ɓoye mani, don Badamasi ya ce biyu ya kawo, ni kau guda aka ba ni labari. Na sa an ɗaga adaka. Sau ukku aka karanta mani, kamar waccan ta farko. Ka ce baƙi ne wuluk, zagayayye, da farin haske kewaye. To ashe haka fuskarshi take. Shekara talatin da huɗu gefenshi kawai yake nuna mani, kai ya nuna maka duka cikin minti biyu. Na yi kishi, ba ni ɓoye maka. Amma na ji daɗi da ya zama cikin jininmu wani ya gani, kuma ya iya faɗi.

Maganar laifi. Ka ce tauraro, na ga tauraro. Amma ni na san sama kafin a haife ka, na kau san rana ba ta rufe ba. Na ga siririn nan na kasa sauke kai, shi ke nan. Ka ɗauki naka, ka bar mani nawa.

Jiya ashirin da tara ga wata. Na ce ba ni zuwa, Liman ya aiko sau biyu. Na hau dutsen, na juya wa yamma baya, na fuskanci jama'a. Na ce masu ga inda za ku duba, kamu ɗaya sama da tsamiya, ɗan hagu da inda rana ta faɗi. Suka yi ta dube-dube kamar masu neman akuya. An daɗe kafin mutum ukku su gani, Liman ya sa kowanensu ya rantse. A da ba a rantsuwa a kan dutsen nan.

Saura wata biyar azumi, mutanen ga kau ba su iya ba. Kai kana da lissahi, ni na san wurin. Ka zo ƙarshen watan ga mu hau tare mu koya masu. Ni nawa watan ya riga ya tsaya.

Ka taho da daddawar.

Kawunka,
Malam Gide

Ƙari daga Safara'u: Haushin bai gama fita ba, amma ka zo. In ka shigo zaure kada ka durƙusa a gabanshi kamar yadda ka saba, don zai amsa gaisuwarka bai ga fuskarka ba. Ka matsa gefenshi na hagu. Ta nan yake ganin mutum yanzu.